Tarihin Gwajin Sankarar Mama: Yadda Likitoci Suka Koyi Sammako

'Yar'uwa mai karatu, gwajin mama da ake ta kiranki ki je ki yi yana da dogon tarihi, kuma saninsa zai nuna miki dalilin nacin likitoci.

Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, da aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta siffanta ƙulli mai tauri a mama, ta ce ba shi da magani. A haka aka daɗe. A ƙarshen ƙarni na 19, likitan fiɗa na Amurka William Halsted ya riƙa cire mama ɗungurungum, har da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Duk da haka mata da yawa suka rasu, domin cutar kan riga ta bazu kafin wuƙa ta iso.

Daga nan hankali ya koma kan gano ta da wuri. A 1913 wani likitan Jamus, Albert Salomon, ya ɗauki hoton mamman da aka cire, kimanin 3,000, ya nuna cewa sankara tana da kamanninta a hoto. Wannan ne tushen hoton mamogiram.

Tambayar da ta rage ita ce: ɗaukar hoton mace mai lafiya zai ceci rai? Likita Philip Strax, wanda cutar ta raba shi da matarsa, ya shiga neman amsa. A 1963 shi da abokan aikinsa suka fara bincike kan mata kimanin 62,000 a birnin Niyok. Aka gayyaci rabinsu gwaji duk shekara, aka bar sauran yadda suka saba. Mace-macen sankarar mama a cikin waɗanda aka gayyata ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Zuwa 1988 Birtaniya ta fara gayyatar mata gwaji a faɗin ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kammala binciken duk matar da ta kawo ƙorafi cikin kwana 60. Ko inda babu na'urar hoto, hannunki da na ma'aikaciyar lafiya suna iya gano abu. Idan kin ji ƙulli, ko fata ta lotsa, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ki je asibiti a makon nan. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma gwaji kaɗai ke bambancewa. Kai kuma maigida, kada ka ce a jira, raka ta.