Falke Barmu, gwanin da ya gina masallacin Yama

In ana lissafa masu tsara gine-gine na tsakiyar ƙarni na 20 a Afirka ta Yamma, sunayen waɗanda suka yi karatu a Turai ake fara kawowa, su da suka cika manyan birane da siminti da gilashi. Da wuya a ambaci Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi daga ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A ganina wannan rashin adalci ne, domin aikinsa ya nuna cewa shi mai tsara gini ne cikakke, wanda ya san nauyi da haske da fili kamar kowane mai digiri.

Hujjar tana tsaye a masallacin Juma'a na Yama. A 1962 dattawan garin suka damƙa masa aikin, ya tayar da ɗaki mai kusurwa huɗu na tubalin laka, rufinsa a kan ginshiƙai, alƙiblarsa ta ɗan fito waje. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, bai tsaya ga toshe ɗigo ba: ya sake shi bisa bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya, cikin masallacin ya sami tsawo da sarari. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, suna sirancewa yayin da suke hawa sama. Wanda ya riƙe gini ɗaya a zuciyarsa shekara ashirin, yana ƙara masa ba tare da ya ɓata abin da ya riga ya yi ba, tsari yake bi. Shi ya sa a 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda aka miƙa a ƙasar Maroko.

Wasu za su ce ai babu zane a takarda, kuma aikin gayya ne, wannan ya buga tubali, wancan ya ɗebo ruwa, don haka ba a jingina shi ga mutum ɗaya. Amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne kawai in akwai mai girkin. Taron jama'a ba ya yanke kaurin bango ko inda baka zai sauka. Gwani ke yanke wannan, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Zariya a ƙarni na 19, wanda ba mai musun cewa aikinsa ne. Wasu kuma za su ce laka ba ta jure damina. Gaskiya ne tana son yaɓe a kai a kai, sai dai ƙasar da hannun duk a garin suke, kuma kaurin bangonta na tare zafin yankin, abin da rufin kwano bai iya ba.

Masallacin da ya gina a Dandaji ma shaida ne: maimakon a rushe shi, masu tsara gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da shi ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Ya kamata makarantunmu na koyon tsara gini su riƙa koyar da aikin Falke Barmu da sunansa, su kuma kai ɗalibai Yama su gani da idonsu.