Tarihin Rikon Fayilolin Saiti a Lokacin Sabunta Babbar Manhaja

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin diddigin wata matsala da ta daɗe tana damun masu kula da kwamfutoci dangin Unix, watau makomar fayilolin saiti na ma'ajiyar /etc idan aka zo sabunta babbar manhaja. Asalin matsalar shi ne fayil ɗaya yana da iyayengiji biyu: marubucin manhaja da ya tsara shi, da mai kula da na'ura da ya gyara shi don bukatar wurin aikinsa. In aka danne shi da sabo, aikin mai kula ya salwanta. In kuwa aka bar tsohon, sabuwar manhaja tana iya ƙin tashi.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta ɓullo wa al'amarin ta hanyar dpkg. Yana ajiye tambarin lissafi na MD5 na kowane fayil ɗin saiti kamar yadda ya zo. Ran sabuntawa sai ya gwada: idan mai kula bai taɓa fayil ba, a musanya shi shiru; idan shi kaɗai ya gyara, a bar masa nasa. Sai fa in duka biyun sun sauya ne dpkg zai tsaya ya yi tambaya, wanda bai ci zaɓe ba kuma a ajiye shi da laƙabin .dpkg-dist ko .dpkg-old. RPM na Red Hat bai yarda da tambaya ba sam. Ajiye .rpmnew ko .rpmsave yake yi ya wuce, galibi kuma sukan yi shekaru ba wanda ya leƙa su.

A ganinmu, raunin hanyoyin nan biyu guda ne: sun san an yi gyara, amma ba su san abin da aka gyara ba, domin tambari ba ya maido da rubutu. Abin mamaki, diff3, mai kwatanta fayiloli uku, yana cikin Unix tun 1979. Irin dabararsa etcupdate ya ɗauka, wanda ya shigo FreeBSD 10.0 a 2014: yana riƙe ainihin tsohon fayil, ya gwama shi da sabon da kuma na mai kula, ya haɗe gyare-gyaren da kansa, ba ya neman mutum sai inda suka ci karo a layuka ɗaya.