Karsana Mai Ciki a Kasuwar Umdurman, Jiya da Yau

Da shugabanni suka ce in rubuta wani abu na tarihi saboda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, sai na buɗe tsofaffin littattafan bashi da ke ofis. Bayan jarin fatauci, abin da 'yan uwa suka fi rantar kuɗi dominsa shi ne karsana mai ciki. Dalilin a fili yake: kuɗin kai ɗaya, fatan kai biyu, ga nono a tsakani.

Iyayenmu ba su shigo Sudan da garke ba. Yawanci mahajjata ne masu tafiyar ƙasa, sai waɗanda suka biyo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sannar. Da aka buɗe madatsar Sannar a 1925, ƙwadagon auduga a Jazira ya riƙe mutane da yawa, wasu kuma suka gangaro Khartum suka zauna a unguwanni irin su Ishash Fallata. Leburan da ya tara 'yan kuɗinsa ba banki yake nufa ba, kasuwar dabbobi yake zuwa.

Shanun kuwa daga yamma suke fitowa. Makiyayan Baggara na Darfur da Kordofan ke kiwo, fatake su koro su a ƙafa, makonni a hanya, har Umdurman. Jirgin ƙasa ya kai El-Obeid a 1912, ya kai Nyala a 1959, amma bai kashe korar ƙafa ba. Matattarar ita ce kasuwar Muwailih a yammacin Umdurman, wurin da mutanen da farin 1984 ya koro daga Kordofan da Darfur suka yada zango. Sai dai a nan sabon shiga ke ruɗewa. Shanun Baggara na yanka ne, nononsu kaɗan. Mai son tatsa Butana yake nema, jajaye, ko Kenana masu launin toka, ko kuma ruwa-biyun da aka haɗa da shanun Turai a garken Hillat Kuku da ke Khartum ta Arewa, inda aka fara aikin madara tun shekarun 1960. Ruwa-biyu ta fi nono, ta fi ci, ta kuma fi saurin kwanciya idan zafi ya tsananta.

Gwanjo irin na ɗaga hannu a fili bai taɓa zama babbar hanyar ciniki a nan ba. Akan yi shi idan wani garke ya watse ko bashi ya ci mai shi. Cinikin yau da kullum na hannun dillali ne da kuma damin, wato mai lamuni, wanda ke tsaya wa cewa dabbar ba ta sata ba ce. Ku lura, ba ya lamuncin ciki. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce idan aka gindaya sharaɗin ciki don a ƙara farashi, cinikin ya ɓaci, domin an sayar da abin da ba a gani ba. Saboda haka tsofaffi kan yi tayin karsanar a kan jikinta, cikin kuwa in ya tabbata to rabo ne. A ganina wannan hukunci ya kāre masu ƙaramin ƙarfi fiye da duk wata dabarar kasuwa.

Sun kuma san inda za su duba. A buɗe baki a ga haƙora, domin manyan haƙora biyu na farko kan fito ne wajen shekara biyu, shanun gida kuma ba su cika haihuwar fari ba kafin shekara uku. A shafa hantsa, a ƙirga nonuwa huɗu lafiyayyu. A duba gwiwa, in da kumburi a yi tsoron bakkale, cutar da ke sa ɓari, ta kuma kama mai shan ɗanyen nono. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, don haka sai a lissafa: a rani za ta haihu ko da damina?

Wannan lissafin shi ne ya kayar da wani ɗan uwanmu da na rubuta wa takardar rance da hannuna. Ya shiga gwanjon wani garke da iyakar kuɗin da ya yanke wa kansa, gardama ta yi zafi, ya zarce har ya haɗa da kuɗin abinci. Karsanar tana da ciki kuwa, ba a cuce shi ba. Amma a Umdurman saniya ba ta fita kiwo. Harawar dawa da ake kira abu-sab'in saye ake yi, tunkuzar gyaɗa da suke kira ambaz saye, a unguwannin gefe har ruwa sai an biya mai amalanken jaki. Kafin ta haihu ya sayar da ita da asara, ya shekara yana biyan ƙungiya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya katse hanyar yamma, ya watsa garkunan Khartum. Waɗanda suka fara komawa yanzu, da yawa daga karsana ɗaya za su sake tashi, kamar kakanninmu. Ni dai duk wanda ya kawo mini takardar rance a kan karsana, tambayata ta farko ita ce nawa ya ware na harawa da tunkuza har ranar haihuwa, sannan mu zo maganar farashi.