Asalin Bitar Rubutu a Birnin Zariya

Bitar rubutu kafin a miƙa wa malami ba boko ne ya kawo ta birnin Zariya ba. Tun kafin Turawa su mamaye Zazzau a 1902, gardin da ya yi satu a allo yakan bi shi harafi-harafi kafin ya kai darasu, domin a rubutun Magaribi gurbin ɗigo ɗaya ne ya raba fa da ƙaf. A zaurukan ilmi irin na Unguwar Kona da Juma kuwa, wanda ya kwafi littafi sai ya yi muƙabala: wani na karanta asali, shi yana bin nasa, abin da ya tsallake ya rubuta a gefe.

Da boko ya kafu, lanƙwasa ta gaji matsayin ɗigo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen yaɗa ɓ da ɗ da ƙ, sa'an nan Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙara daidaita ƙa'idojin rubutu. Ɗalibin da ya rubuta "kafa" maimakon "ƙafa" ya sauya ma'ana. Ashe ke nan malamin da ya wajabta wa ɗalibansa bita, gadon zaure yake rayawa.