Ranar 15 ga Maris a Tarihin Sakkwato da Jihar Arewa

Ranar 15 ga watan Maris tana faɗowa ne a goshin bazara, sa'ad da hunturu ya janye, rana ta fara zafi, rijiyoyi suka ja baya, manoma kuwa ba su shiga sharar gona sosai ba tukuna. A ƙasar Hausa ta dā wannan shi ne lokacin yaƙi, domin hanyoyi sun bushe, rafuka sun ƙafe, dawaki na iya ratsa ko'ina. Turawan da suka yi karatun Latin sun san ranar da wani abu dabam, watau kisan Yuliyas Kaisar a birnin Rum shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma a tarihin Nijeriya ta Arewa abu biyu manya sun auku a cikinta. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, a 1959 kuma Jihar Arewa ta karɓi mulkin kai. Tsakaninsu shekara 56, kuma duka biyun ran Lahadi suka faɗo.

Haɗuwar ranakun nan ba dace ba ne. Da gangan shugabannin Arewa suka zaɓi ta biyun don ta zama amsa ga ta farin. Sabo da haka ya kamata a duba ko abin da aka mayar a 1959 shi ne abin da aka karɓe a 1903, da kuma ko magadan wane ne suka karɓe shi.

Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin Oktoba 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu. Ya tarad da daula ana cinta ta gefe-gefe. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauci a 1902, Zariya kuma tana hannun Turawa. Gwamna Lugga yana da hujjoji biyu da ya ke nuna wa gwamnatinsu a Landan. Ɗaya ita ce kisan Kyaftin Moloni a Keffi, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya yi, ya gudu Kano aka karɓe shi. Ta biyu wata takarda ce da ya ce Abdurrahman ya aiko masa, mai nuna babu kome tsakaninsu sai yaƙi. Masu bincike na baya sun yi shakkar ingancinta. Akwai kuma dalili na uku wanda ba a cika faɗa ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana iyaka kamar baka, mil 100 daga birnin Sakkwato, kuma masu awon iyakar suna tafe. Abin kunya ne ga Ingila a zo awon ƙasar da ta ce tata ce alhali ba ta taɓa sa ƙafa a babban birninta ba.

Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu yana kan hanyar komowa daga Sakkwato, inda ya je mubaya'a. A ƙarshen watan aka karya rundunar Kanawa a wajen Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya yi shahada. Daga nan hanya ta buɗe.

A Sakkwato kuwa shawara ta kasu uku: a yi yaƙi, ko a nemi sulhu, ko a yi hijira. Masu ra'ayin hijira ba tsoro ne ya sa su ba. Shehu Usmanu da kansa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma wallafa littafi a kan wajabcinta a 1806, ga kuma tsohuwar magana a bakin jama'a cewa a ƙarshen zamani al'ummar Shehu za ta nufi gabas ta sadu da Mahadi. Sai dai ɗaukar birni guda da mata da yara da tsofaffi a tsakiyar bazara ba ƙaramin abu ba ne. Ana cikin wannan kai-kawo har Turawa suka iso ta kudu, ta hanyar Shagari, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla ta shekarar 1320.

Da safiyar Lahadi aka ja daga a filin da ke kudu da ganuwa, wurin da a ke kira Giginya. Sarkin Musulmi yana tsakiya, Marafa Muhammadu Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da gefe biyu. Rundunar Turawa, a ƙarƙashin Janar Kembal da Kanar Molan, sojanta ba su kai dubu ba, kuma galibinsu baƙar fata ne, da yawa cikinsu Hausawa. Amma suna da igwa da bindiga mai ruwa, kuma sun tsaya ne murabba'i, kowace fuska bakin bindiga. Dabarar yaƙin Sakkwato tun zamanin jihadi ita ce barade su yi sukuwa su fasa sahun abokan gāba, dakaru da 'yan baka su biyo baya. Ran nan doki bai sami isa inda mashi zai yi aiki ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi runduna ta watse. Waɗanda suka dage su ne 'yan tsirarun da ke tsaron tutar Sarkin Musulmi, suka tsaya a gindinta har aka kashe su. Turawa suka shiga birni suka same shi kusan ba kowa.

Idan aka auna shi da yawan waɗanda suka mutu, yaƙin Giginya ƙarami ne, bai ko kama ƙafar na Burmi ba. Nauyinsa yana cikin abin da ya biyo baya, domin da yammacin ran nan shugabannin daula suka rabu gida biyu, kuma ba su sake haɗuwa ba.

Attahiru ya nufi gabas. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, mutane suna barin garuruwansu suna binsa, sarakuna da malamai da talakawa, har abin ya tsorata Turawa fiye da yadda yaƙin kansa ya yi. A Burmi, cikin ƙasar Gwambe, aka kori Turawa a karon farko cikin Mayu. Suka komo ran 27 ga Yuli, aka yini ana yaƙi, aka kashe Attahiru tare da mutum fiye da 600, Manjo Mash shugaban rundunar Turawa shi ma ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan.

Waziri Muhammadu Buhari shi ne ya ɗauki ɗaya hanyar. Ya tsaya a Marnona da jama'a masu yawa waɗanda ba su da guzuri, ba su da abin hawa. Ya nemi fatawar malamai, cikinsu har da Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, suka ce ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri, muddin zuciya ba ta miƙa wuya ba, kuma bai hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Suka ƙara da cewa idan kowane malami da kowane shugaba ya tashi, ƙasar za ta zama ta kafirci ke nan, waɗanda ba su iya tafiya kuwa an bar su ba makiyayi. Waziri ya komo birni. Daga baya ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana uzurinsa, kuma wanda ya karanta ta zai ga mutum ne wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abin da ya yi ba, ko da ya ke ya ga babu makawa. An yi ta yi wa Waziri hukunci mai tsanani, an kuma yi ta wanke shi. Gaskiyar magana ita ce kowane ɓangare yana da nassi a hannunsa, kuma kowanne ya biya farashi.

Lugga ya iso ran 19 ga Maris. Ran 21 aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, Lugga kuma ya yi jawabin da ya zama harsashin mulkin Turawa a Arewa. Ma'anarsa ita ce abin da Fulani suka samu da yaƙi sun rasa shi da yaƙi. Naɗa sarki da tuɓe shi, da sa haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Gwamna. An hana harin bayi. Ba za a taɓa addini ba. Aka bar Manjo Badan a matsayin Razdan. Daga ran nan Sarkin Musulmi ya daina naɗa sarakunan Kano da Zazzau da Katsina, ya zama sarkin lardinsa, sai dai girman da ke gare shi a zukatan mutane. Nauyin wannan zaɓi ya fito fili a 1906, sa'ad da mutanen Satiru suka tayar, sarakunan Sakkwato suka tsaya tare da Turawa aka shafe garin.

Ruwayar da ta shahara ta ce a ranar yaƙin Giginya ne aka haifi Abubakar ɗan Usmanu a Dange, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1938. Marafa Maiturare, da ya riƙe gefe guda na daga, shi ma ya hau gadon a 1915. Sarkin Rabah Ibrahim kuwa, mai riƙe da ɗaya gefen, shi ne mahaifin Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Watau mutanen da suka tsaya a gaba a 1959 'ya'yan gidajen da suka yi yaƙin ne, sa'an nan suka zauna.

Labarin yadda aka kai ga mulkin kai sananne ne. A ƙarshen Maris 1953 Antoni Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani, tana kuma tsoron kada ta fita daga hannun Turawa ta faɗa hannun 'yan Kudu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, rikici ya ɓarke a Kano cikin Mayu. Jihar Gabas da ta Yamma suka karɓi nasu a 1957, Arewa ta ce sai 1959. Ran 15 ga Maris na shekarar, a Kaduna, Gwamna Sa Gawain Bel ya miƙa wa Firimiya shugabancin Majalisar Zartaswa. Ranar ta faɗo cikin azumi, babban biki da hawan daba sai a watan Mayu aka yi su, Duk na Gulosta da matarsa suka halarta a madadin Sarauniya.

To, amma abin da aka miƙa ran nan ya bambanta da abin da aka karɓe a Giginya ta fuskoki da dama. Ƙasar ma ba ita ba ce. Jihar Arewa ta haɗa da Barno, wadda ba ta taɓa bin Sakkwato ba, da Tibi da mutanen duwatsun Jos, waɗanda ranar 15 ga Maris ba ta tuna musu da wani rashi nasu. Wani yanki na daular kuwa, kamar gabashin Adamawa, ya riga ya tafi hannun Jamus, daga baya Faransa. Ikon kuma ba ga Sarkin Musulmi ya koma ba. Ya tafi ga Firimiya da jam'iyyarsa ta NPC, ta hanyar ƙuri'a, a birnin da Lugga ya kafa, cikin majalisar da ke ɗauke da sunansa. Sardauna ya nemi sarautar Musulmi a 1938 bai samu ba, ga shi bayan shekara 21 gwamnatinsa ce ke da ikon tabbatar da sarakuna da tuɓe su, kamar yadda aka gani a Kano a 1963. 'Yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, suna ganin mulkin En'e ne kawai ya sake riga, matan Arewa kuwa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai cikin shekarun 1970.

Abin da ya fi kowanne ban mamaki shi ne sha'anin shari'a. Hujjar Waziri Buhari ta zama ita ce a tsare addini da hukunce-hukuncensa, kuma Turawa sun bar alƙalai suna hukunta laifuffuka bisa mazhabar Malikiyya, ban da yanke hannu da makamantansa. A shekarar mulkin kai ne, 1959, majalisar Arewa ta zartad da sabuwar dokar laifuffuka da aka tsara bisa ta Sudan, ta fara aiki a 1960, don a kwantar da hankalin waɗanda ba Musulmi ba da kuma baƙi masu zuba dukiya. Abin da shekara 56 na mulkin Nasara bai kawar ba, gwamnatin jikan Shehu ce ta taƙaita shi da hannunta. Jihar ita kanta ba ta daɗe ba: an kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, aka raba Arewa jihohi shida a 1967. Sarkin Musulmi Abubakar ya ga duk wannan, ya rayu har 1988.

Saura labarin tuta. Wadda aka mutu a gindinta a Giginya ta shiga hannun Turawa, ba da jimawa ba ta suɓuce musu ta koma wurin mutanen Attahiru, suka tafi da ita har Burmi, inda aka sake kama ta. Ta zauna a hannun sojan Nijeriya shekara da shekaru, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato, Sarkin Musulmi Abubakar ya karɓa. Zuriyar waɗanda suka bi ta zuwa gabas kuwa suna can a garin Mai Wurno, kusa da Sannar, a bakin kogin Nilu.