Idan kamfani ya ƙi gyara kwamfuta: Haƙƙin mai saye da hanyoyin gyara daga Maigatari zuwa Kano

A ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kwamfuta ta daɗe da zama kayan neman abinci. Da ita masu fiton kaya a bakin iyaka ke cike takardun kwastan, da ita ma'aikatan sakatariya ke tsara takardun albashi, da ita kuma malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel ke tattara sakamakon jarrabawa. Ranar da ta ƙi tashi, aiki ya tsaya. Wanda ya nemi kamfanin da ya ƙera ta kuwa, sau da yawa amsa ɗaya yake samu: ba za mu gyara ba.

Wannan amsa ba ta rufe ƙofar gyara. A dokar Najeriya, mai kantin da ya sayar da na'ura yana ɗauke da nauyin ingancinta kamar yadda kamfanin da ya ƙera ta yake ɗauke da shi, kuma yawancin lalacewar da kamfani ke ƙin taɓawa tana gyaruwa a hannun ƙwararru. Abin da ake buƙata shi ne bin matakai daki-daki, da tsare bayanan da ke ciki tun kafin a ɗora mata sukundireba.

Yadda kwamfutoci ke isowa yankin

Maigatari gari ne na bakin iyakar Najeriya da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya shahara da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. A shekarar 2000 aka kafa masa yankin ciniki maras shinge a ƙarƙashin kulawar hukumar NEPZA. Iyakar garin na cikin guda huɗu da aka fara buɗewa a ranar 16 ga Disambar 2020 bayan rufewar watan Agustan 2019, sannan aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024.

Rangwamen da yanki irin wannan ke bayarwa na kuɗin fito ne da haraji. Bai shafi garanti ba, domin garanti alkawari ne tsakanin kamfani da mai saye, kuma yana bin hanyar da na'urar ta biyo. Hanyoyin kuwa uku ne. Akwai sabuwa fil daga dilan da kamfani ya amince da shi. Akwai ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, ta sauka a Legas ko Kwatano, ta iso kasuwannin Kano. Akwai kuma wadda aka sayo a wata ƙasa, kamar Nijar ko Dubai ko Saudiyya, ko ɗan uwa ya aiko da ita. Wadda aka ƙera domin ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana gane ta daga maɓallan rubutu, domin layin haruffa na farko yana farawa da AZERTY maimakon QWERTY. Ta farko ce kaɗai ke da cikakkiyar damar samun gyaran kamfani cikin sauƙi.

Dalilan da ke sa kamfani ya ƙi

Na farko shi ne ƙarewar garanti, wanda a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka shekara ɗaya ne. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo da Apple duk suna da shafi a intanet inda ake sa lambar da ke ƙasan na'ura a ga ranar da garantinta ya ƙare.

Na biyu shi ne irin lalacewar. Garanti yana ɗaukar lahanin ƙira ne, ba ya ɗaukar faɗuwa, ko zubar shayi, ko ƙonewa sakamakon wuta mai ƙarfi. A cikin na'urori da yawa akwai ƙananan alamomi masu sauya launi idan ruwa ya taɓa su, don haka musun cewa ruwa bai shiga ba ba ya amfani.

Na uku shi ne ƙasar da aka sayar da ita. Garantin da aka bayar a wata ƙasa ba lallai ne ya yi aiki a Najeriya ba, musamman idan ba a sayar da irin samfurin a nan, balle a ajiye kayan gyaransa.

Na huɗu shi ne shigar hannun wani. Idan wanda kamfani bai yarda da shi ba ya buɗe na'urar ya yi mata ɓarna, kamfani kan janye. Misalin da ya yi fice shi ne na shekarar 2018, lokacin da Linus Sebastian, ɗan Kanada mai gabatar da shirye-shiryen fasaha a YouTube, ya bayyana cewa Apple ya ƙi gyara masa kwamfutar iMac Pro da ta lalace yayin da ake mayar da gilashinta bayan an buɗe ta, duk da cewa a shirye yake ya biya.

Na biyar shi ne tsufa. A tsarin Apple, na'urar da aka daina sayar da irinta fiye da shekara biyar ana gyara ta ne kawai idan akwai kayan gyara, wadda ta haura shekara bakwai kuwa an daina yi mata gyara, in ban da canjin batir a wasu samfura.

Na shida shi ne rashin shaidar mallaka. Babu rasit, babu cire makullin da ke haɗe da asusun mai ita na farko.

Ko wanne ne dalilin, a nemi a rubuta shi, ko a saƙon imel ko a takardar karɓar kaya. Wannan rubutu shi ne hujjar da za a riƙe a mataki na gaba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kaya ga wanda ya sayar masa cikin wata uku da karɓa, idan kayan ba su kai ingancin da ya kamata ba. Mai sayarwa zai gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi, kuma ɗawainiyar mayarwa tana wuyansa. Wannan haƙƙi daban yake da garantin kamfani, kuma rubutun da ake yi a ƙasan rasit cewa ba a dawo da kaya bayan an saya ba ya soke shi. Sashe na 145 kuma ya ɗora wa mai sayarwa nauyin kawo hujja idan aka yi zargin kaya na da lahani.

Sai dai tanadin ya shafi lahanin da ke jikin kaya ne. Wanda kwamfutarsa ta faɗo daga kan babur a hanyar Gumel, ko ɗansa ya zuba mata koko, ba shi da abin da zai bi mai kanti.

Idan lahanin na asali ne, a fara da mai kanti, a rubuce, tare da kwafin rasit. Idan ya ƙi, shugabannin ƙungiyar kasuwar da yake ciki sukan sasanta irin wannan rikici cikin gaggawa, domin sunan kasuwarsu suke karewa. Idan hakan bai yiwu ba, ana shigar da koke ga FCCPC ta shafinta na intanet ba tare da tafiya Abuja ba, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Wanda ya sayo a tsallaken iyaka kuwa ya sani cewa hannun hukumar Najeriya ba ya kai wa ga mai kanti a Damagaram ko Magarya.

Bayanai kafin na'ura

Ga ɗan kasuwa, lissafin bashin da yake bin mutane ya fi kwamfutar daraja. Ga ma'aikaci, takardun ofis amana ne. Saboda haka matakin farko na gyara shi ne tsare abin da ke ciki.

Idan na'urar tana tashi, a kwafe komai zuwa filashi ko wani rumbun ajiya na waje, a fita daga asusun banki da imel da WhatsApp, a goge kalmomin sirri da aka adana. Idan ba ta tashi, a yawancin samfuran HP da Dell da Lenovo ana iya cire rumbun ajiyar a gaban mai ita, ya tafi da abinsa, a bar wa mai gyara gangar jikin.

Akwai tarko biyu a nan. Na ɗaya, kwamfutoci da dama masu Windows suna kulle bayanansu da tsarin BitLocker. Canja babban allon na'ura, wanda masu gyara ke kira madabod, yana iya sa ta nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Sau da yawa lambar tana cikin asusun Microsoft na mai na'urar, ko a hannun sashen kwamfuta na ma'aikata, kuma wajibi ne a nemo ta kafin a fara aiki. Na biyu, a sababbin MacBook rumbun ajiya a like yake da babban allo, ba ya ciruwa. Duk wanda ya canja allon ya rabu da bayanansa, sai dai a gyara allon na asali.

Ma'aikacin gwamnati kada ya kai kwamfutar ofis kasuwa bisa raɗin kansa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin tsare bayanan mutane, don haka a sanar da ofis a rubuce, a samu izini.

Gyaran gida da gyaran birni

Ba kowace lalacewa ce ke buƙatar doguwar tafiya ba. Canjin caja, da batir, da maɓallan rubutu, da gilashi, da fanka, da sake ɗora Windows, ayyuka ne na cirewa da mayarwa waɗanda mai gyara na kusa zai iya, matuƙar an samo kayan da suka dace da lambar samfurin. Na'urar da ke zafi tana mutuwa da kanta kuwa, galibi ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanyar iska, ga zafin bazara ya haɗu da ita. Shara da sabon man sanyaya kwakwalwar na'ura sun wadatar.

Lalacewar babban allo ita ce mai wuya. Kamfani ba ya gyara shi, canja shi yake yi ɗungurungum, shi ya sa kuɗin kan kusanci na sabuwar na'ura. Ƙwararren mai gyara kuwa yana bin layukan wuta da mita da madubin ƙara girma, ya gano ƙaramin abin da ya ƙone, ya canja shi kaɗai. Irin waɗannan masu gyara an fi samunsu a Kano, a titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre, wadda daga Maigatari ake zuwa ta Gumel da Gujungu. Abin da ya gagara a Kano, ko kayan gyaran da babu, akan nemo shi a Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Idan ruwa ya shiga, a kashe na'urar nan take, a zare caja, kada a gwada kunna ta. Binne ta a cikin shinkafa ba ya hana tsatsa cin allon. Buɗewa da wankewa da sinadarin da ya dace cikin kwana ɗaya ko biyu shi ne magani. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallai kuma yana iya kamawa da wuta, don haka a daina caji, kada a huda shi.

Yarjejeniya da mai gyara

Kafin a bar na'ura a shago, a karɓi takarda mai ɗauke da lambar na'urar, da girman rumbun ajiya da na RAM, da yanayin jikinta, da ranar karɓa. A ɗauki hotonta da waya. A yi sharaɗi cewa ba za a canja komai ba sai an faɗi farashi an amince, kuma za a dawo da duk abin da aka cire. A tambaya ko kayan da za a sa sababbi ne ko an ciro su daga wata na'ura. Na cire ba laifi ba ne, muddin an faɗa kuma farashin ya nuna haka. A nemi wa'adin gwaji a rubuce. Dokar 2018 ta shafi masu gyara su ma, domin ta ba mai kaya haƙƙin samun aiki a kan lokaci da dawowar kayansa ba tare da ƙarin ɓarna ba.

Gyara ko sauyawa

Ma'auni mai sauƙi shi ne a kwatanta kuɗin gyara, haɗe da kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da farashin irin na'urar ta hannu a kasuwa. Idan ya haura rabi, a yi nazari. A kuma duba shekarunta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar kwakwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta. Kashe kuɗi mai yawa a kan wadda ba ta kai haka ba asara ce ga mai hulɗa da banki ko takardun hukuma. Matacciyar na'ura ma tana da kuɗi, domin masu gyara suna sayen gilashinta da sauran sassanta.

Inda duniya ta dosa

Ƙorafi kan ƙin gyara ya haifar da fafutukar 'yancin gyara a ƙasashe da dama. Tun Janairun 2021 Faransa ta wajabta nuna makin sauƙin gyara a kan wasu na'urori, ciki har da kwamfutar tafi-da-gidanka. A 2022 Apple ya fara sayar wa jama'a kayan gyara da littattafan jagora a Amurka, a ƙarshen shekarar kuma Jihar New York ta kafa dokar gyaran na'urorin lantarki. Tarayyar Turai ta amince da nata tsarin a 2024. Amfanin hakan ga mai gyara a Gumel shi ne littattafan jagora na samfura da yawa yanzu suna kan intanet kyauta.

Rigakafi

Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata ne ranar saye. A duba lambar na'ura a shafin kamfani tun ana tsaye a kanti. A tabbatar babu makullin asusun wani ko kalmar sirri da aka bari a ciki. A karɓi rasit mai lambar na'urar da sharaɗin mayarwa. A gida kuma, a sa na'urar kare ƙarfin wuta tsakanin soket da caja, a zare caja lokacin da ake tayar da janareta ko wutar KEDCO ta dawo, sannan a riƙa kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri daban aƙalla sau ɗaya a mako.