Farantin Talla, Daga Jiya Zuwa Yau

A birnin Kano na shekarun 1970, matar kulle ba ta zaman kashe wando. Da asuba ta soya ƙosai, da hantsi ta dafa alala ko ɗanwake, 'yarta kuma ta ɗora faranti a ka ta bi lungu-lungu. Yarinyar ce ƙafar uwarta a waje: ita ke auno wake, ita ke karɓo bashi, ita ke kai zubin adashi. Ribar takan ƙare a kwanuka da tasoshin jeren ɗakin amarya. Enid Schildkrout, Ba'amurkiya mai nazarin al'umma da ta yi bincike a Kano a ƙarshen waɗannan shekaru, ta nuna cewa sana'ar matan kulle kacokan a kan yara take. A wancan zamani, uwar da 'yarta ta iya ciniki yabo take sha.

Ma'aunin ya fara sauyawa a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta. Safiyar yarinya ta zama abin jayayya tsakanin aji da faranti. Matan ma'aikata, waɗanda albashin miji ya wadata, suka saka nasu a boko, sannu a hankali kuma talla ta koma alamar "rashin wayewa".

Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986. Naira ta faɗi, daga baya masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka yi ta rufewa. Kuɗin da dā ke sayen kayan ɗaki ya koma na cefane. A gidaje da yawa, idan faranti bai fita ba, ba a ɗora tukunya.

Doka ba ta jira tattalin arziki ba. An yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, aka yi ta ilimin bai-ɗaya na tilas a 2004. Masu wa'azi da masu shirin rediyo suka yi ca a kan talla, kuma suna da hujja: tashar mota da kangon gini ba wurin yarinya 'yar shekara goma ba ne. Abin da ke damuna shi ne wanda ake nuna wa yatsa. Kullum uwa ce "marar tarbiyya". Da wuya ka ji an tambayi ina mijin, ko nawa ne kuɗin yunifom da littafi a makarantar da ake ce mata kyauta.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, har matan malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun shiga soya awara da ƙulla zoɓo, yaransu na kaiwa ƙofar gida bayan an tashi daga makaranta. Wasu cikinsu dā su ne kan gaba wajen zargin maƙwabciya.